Tambayoyinku: Bot ɗin Telegram, takardun sirri, da mutumin da ke zaune a bayansa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar bot ce, wato 'yar manhajar nan da ke amsa saƙo da kanta a cikin hira, musamman na Telegram, wasu suna tambaya ne kafin su shiga, wasu kuma sun riga sun shiga yanzu mafita suke nema. Na zaɓo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya karanta a nutse, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni 'yar kasuwa ce ina saro atamfa da leshi da abaya, kuma kullum cikin tura wa ejan ɗina takardu nake, fasfo ne, rasit ne, silif ɗin NIN ne, toh wayata ta taɓa faɗawa ruwa na rasa komai, shi ne ƙanina ya nuna min wani bot a Telegram wai in dinga tura masa takarduna yana ajiye min, in ina so sai ya ba ni linki in tura wa wanda nake so, kuma an rubuta a jikinsa wai komai a kulle yake babu mai gani. Na riga na tura fasfona da na maigidana. Don Allah da gaske babu mai gani? — Hajiya, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillahi, Allah ya sanya wa kasuwa albarka. Ba zan ɓoye miki ba, akwai mai gani, kuma ba kowa ba ne illa mai bot ɗin.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka tunda a cikin Telegram suka samu bot toh na kamfanin Telegram ne. Ba haka ba ne. Tun 2015 Telegram suka buɗe ƙofa suka ce duk mai so ya zo ya haɗa nasa, mutum zai je wajen wani babban bot nasu mai suna BotFather, ya zaɓi sunan da yake so muddin dai ya ƙare da "bot", a ba shi wani dogon mabuɗi na lambobi da haruffa, shikenan fa, cikin 'yan mintuna an gama, ba a tambaye shi katin shaida ba, ba a tambaye shi me zai yi da shi ba. Daga nan sai ya jona mabuɗin da kwamfutarsa ko wata uwar garke, wato babbar kwamfuta mai ajiye bayanai, da ya kama haya a intanet. Duk abin da kika tura wa bot ɗin, rubutu ne, hoto ne, murya ce, aikin Telegram kawai ya ɗauka ya miƙa wa waccan kwamfutar. Bot kamar yaron shago yake, in kin ba shi ajiya toh maigidansa kika ba, kuma a nan ke ba ki san maigidan ba, ba ki san ƙasar da yake ba, ba ki san ko mutum ɗaya ne ko su biyar ne suke riƙe da mabuɗin ba.

Irin waɗannan masu ajiye fayil su ba da linki ɗin ma, da yawansu yadda suke aiki shi ne da kin tura abu sai bot ɗin ya kwafe shi zuwa wata tasha ta sirri ta mai shi, a can ake tarawa, linkin da aka ba ki kawai yana nuna lambar saƙon ne a cikin tashar. Kin ga ke nan mai bot ba sai ya yi kutse ko wata dabara ba, buɗe tasharsa kawai zai yi ya dinga ja yana kallon fasfon mutane ɗaya bayan ɗaya. Kuma linkin kansa duk wanda ya samu ya samu fayil ɗin, in ejan ɗinki ya tura wa wani, ko wayarsa ta shiga hannun wani, babu abin da zai tsayar da shi.

Maganar "a kulle yake" kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki shi ya sa take ruɗar mutane. Hira a Telegram iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum wadda kowa ke yi, ita ana kulle saƙo daga wayarki zuwa uwar garken Telegram, daga can a sake kullewa zuwa wanda za a kai wa, wato kamfanin layin waya ko mai wayfay ba zai iya karantawa a hanya ba, amma saƙon yana ajiye a wajen Telegram. Sai kuma Secret Chat, wadda ita ce ake kullewa tun daga wayarki har wayar ɗayan, ko Telegram ɗin ba su da mabuɗi. Toh bot ba ya shiga Secret Chat sam, tsakanin mutum da mutum kaɗai ake yin ta. Kuma ko da a ce yana shiga, ai shi ne wanda ake kai wa saƙon, kullewar hanya ba ta hana wanda aka aika wa ya buɗe.

Yanzu me za ki yi? Ki daina turawa tun daga yau. Ki sauke abin da kika ajiye a can zuwa wayarki, in bot ɗin yana da wajen gogewa ki goge, sannan ki toshe shi. Amma ki sani goge hirar daga wayarki ba ya goge kwafin da ke hannunsa, wannan ya riga ya fita. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma dokar ta ba ki damar ki ce a goge bayananki, sai dai doka tana kama wanda aka san sunansa da ofishinsa ne, mai bot da ba shi da fuska wa za a aika wa takarda?

Ba ina cewa lallai mugu ne ba, yana iya zama ɗalibi ne kawai mai koyon haɗa manhaja. Amma ki ɗauka cewa sunanki cikakke, ranar haihuwarki da lambar fasfonki suna hannun wani, saboda haka duk wanda ya kira ki yana jero waɗannan daidai yana cewa daga banki ne ko daga hukumar shige da fice, kar sanin da ya yi miki ya sa ki sake da shi har ki karanta masa lambar da aka turo miki ta tes. Ki faɗa wa Alhaji ma haka, tunda nasa na ciki, wannan haƙƙinsa ne ya sani.

Wajen ajiya kuma, rasit da hotunan kaya ki sa su a Saved Messages naki na Telegram, wannan tsakaninki da kamfanin ne babu wani na uku, amma ki fara sa wa akawun ɗin kalmar sirri ta biyu, a saitin wajen da aka rubuta Two-Step Verification. Fasfo da NIN kuwa ki duba amsar ƙarshe ta wannan shafi, na yi bayanin yadda ake kulle fayil tun kafin ya bar waya.

Tambaya: Malam barka da aiki. Musu muke ta yi a ɗakinmu, abokina ya dage wai Telegram ya fi WhatsApp tsaro nesa ba kusa ba shi ya sa ma gwamnatoci ba sa son shi, ni kuma na ce ban yarda ba. Ka raba mana gardama. — Ɗalibi, daga Zariya

Amsa: Yauwa ƙanena, in maganar sirrin abin da kuka rubuta wa juna ce, kai ne da gaskiya. WhatsApp tun watan Afrilun 2016 suka gama sa kullewa daga waya zuwa waya a kan komai, hirar mutum biyu, guruf, kira, hoto, fayil, ba sai ka kunna wani abu ba, kuma tsarin kullewar na wata manhajar hira mai suna Signal suka ɗauko wanda masana suka daɗe suna bincikarsa. Telegram kuwa sai ka je da kanka ka buɗe Secret Chat, kuma ka tambayi abokin naka yaushe rabonsa da ya buɗe ta. Guruf ɗin Telegram da tashoshinsa babu mai irin wannan kullewar ko ɗaya.

Sunan da Telegram ya yi ya samo asali ne daga tarihin mai shi, Pavel Durov, wanda ya kafa shi da ɗan'uwansa Nikolai a 2013, ya bar Rasha bayan takun saƙa da hukumomin can, kamfanin ya koma Dubai. Amma a watan Agustan 2024 an kama shi a Faransa, kuma a watan Satumban shekarar kamfanin ya canza ƙa'idarsa ya ce zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi da laifi in hukuma ta zo da umarni na shari'a. Don haka maganar wai babu mai iya taɓa Telegram ta wuce.

Amma kar ka tafi kana murna da yawa, WhatsApp ma yana da ƙofofinsa. Babba ita ce ajiyar da yake yi maka a Google Drive, wannan ba ta cikin waccan kullewar sai in ka shiga saitin ka kunna da kanka, damar da suka kawo a 2021, inda za ka sa kalmar sirri ko a ba ka mabuɗi mai lamba 64. Sannan kamfanin Meta, mai WhatsApp, ko bai karanta saƙonka ba ya san lambarka, ya san irin wayarka da lokacin da kake kai. In kuma GBWhatsApp ko wani ɗan'uwansa kake amfani da shi saboda ganin saƙon da aka goge, toh duk wannan bayanin bai shafe ka ba, domin manhajar da ke buɗe saƙon a wayarka wani ne da ba ka sani ba ya sake ƙera ta.

Inda Telegram ya yi zarra daban ne: kana iya ɓoye lambarka ka yi hulɗa da suna kawai, guruf yana ɗaukar mutum har 200,000 alhali na WhatsApp 1,024 ne, kuma fayil ɗinka na nan ko ka canza waya. Don karatu da raba littattafai da laccoci babu kamarsa. Don maganar da ba ka so ta fita, WhatsApp na asali ko Signal.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce ina sayar da littattafaina a waya, mutum ya biya ya turo shaida sai in tura masa, toh abin ya yi min yawa wani lokacin har ƙarfe ɗayan dare ina tura wa mutane, ga kuma masu fitar min da littafi, yau na saki gobe na gan shi a guruf kyauta wallahi abin na ci min rai. Wani ya ce zai haɗa min bot da zai dinga turawa da kansa kuma babu mai iya fitarwa. In yarda? — Marubuciya, daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Wannan kam aikin da aka yi bot dominsa ne, kuma ina goyon baya, domin a nan ke ce mai shagon, littafin naki ne, ba sirrin wani kike miƙa wa baƙo ba. Sai dai akwai abu biyu da nake so ki riƙe.

Na farko kar ki bari ya buɗe miki bot ɗin da akawun ɗinsa. Ki shiga BotFather da wayarki, da lambarki, ki buɗe da hannunki, sai ki ba shi mabuɗin ya yi aikinsa. Dalili, wanda ya buɗe shi ne mai shi a wajen Telegram, in kuka saɓa gobe zai tafi da bot ɗin da duk masu karatunki da suka saba da shi. In kuwa ke kika buɗe, ranar da kuka rabu sai ki koma BotFather ki soke tsohon mabuɗin a ba ki sabo, nan take nasa ya daina aiki. Kuma ki sani muddin mabuɗin na hannunsa yana ganin duk abin da masu saye ke turowa, har da shaidar biya mai ɗauke da sunansu da bankinsu, saboda haka ki zaɓi wanda kika san gidansu, kuma kar bot ɗin ya tambayi mutane abin da ba ya buƙata. Mai sayen littafin naira ɗari biyar ba shi da dalilin ba da adireshin gida ko ranar haihuwa.

Na biyu, maganar babu mai iya fitarwa, ya ɗan ƙara gishiri. Gaskiya ne tun ƙarshen 2021 Telegram suka kawo tsarin hana turawa gaba da hana adanawa a tasha ko guruf na sirri, kuma bot ma yana iya sa wannan kariyar a kan saƙon da ya tura, a wayoyin Android har sikirinshot yakan hana. Wannan zai rage miki ɓarna sosai don yawancin masu fitarwa danna turawa kawai suka iya. Amma mai waya biyu zai ɗauki hoton shafi da ɗayar, mai naci kuma zai zauna ya kwafe da hannu. Abin da na ga ya fi tsorata su shi ne a sa bot ɗin ya dinga buga sunan mai saye ko lambarsa a jikin kowane shafi na PDF ɗin da ya tura masa, in littafi ya fita kin san ta ƙofar da ya fita, kuma kowa ya san za a sani.

Ƙaramin bayani ga mai haɗa miki: bot ba ya iya ɗora fayil da ya wuce megabayit 50 da kansa ta hanyar da aka saba, littafi ba ya kai haka, amma in kina da na sauraro mai nauyi sai ki ɗora da kanki a tasharki ta sirri, bot ɗin ya dinga kwafowa daga can.

Tambaya: Malam ina wuni. An turo min wani bot wai ana raba kyautar kuɗin kirifto, na shiga ya ce in danna in ba da lambata na danna, sai ya ce an aiko min da lambobi biyar in shigar, na shigar, bayan ɗan lokaci Telegram ɗina ya fita da kansa, yanzu ana ta bin mutanena da sunana wai su aiko da jikka goma ina asibiti. Yaya zan yi? — Ɗan'uwanku, daga Maraɗi

Amsa: Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Kafin komai ka sanar da mutanenka ta kira, ta WhatsApp, ta masallaci ma in ta kama, cewa ba kai ba ne, domin kowace awa da ta wuce wani na iya turawa.

Abin da ya faru shi ne lokacin da ka ba da lambarka, shi ɓarawon yana can ya shigar da ita a wayarsa kamar kai ne za ka shiga, Telegram ya aiko maka da lambobin shiga, kai kuma ka miƙa masa. Ka lura mafi yawansu ba sa cewa ka rubuta lambobin a saƙo, wasu maɓallai suke jero maka kamar na kalkuleta ka dinga dannawa, saboda Telegram yakan kashe lambar shiga in ya ga an tura ta cikin hira, shi ne suka zagaye ta wannan hanya. Duk bot ɗin da ya nemi waɗannan lambobi ɓarawo ne, babu wani na gaskiya da ke buƙatarsu.

Tunda layin na hannunka, ka sake shiga da lambarka a aiko maka da sabuwar lamba ta tes ko kira. In ka shiga ka wuce saitin, wajen da aka rubuta Devices, za ka ga duk na'urorin da ke cikin akawun ɗinka, ka kori wadda ba ka sani ba. Yana iya ce maka sabon shiga ba ya korar tsoho sai an jima, kar ka fita, ka jira, yakan kai kwana guda, amma kafin nan ka sa kalmar sirri a Two-Step Verification tare da imel ɗin da kake iya buɗewa. In kuma ka tarar ya riga ka ya sa tasa kalmar, abin ya yi tsauri, galibi sai dai a bi hanyar share akawun ɗin gaba ɗaya a sake sabo da lambar, hirarrakinka su tafi, amma dai ka raba shi da sunanka.

Wannan damfarar ta samu gindin zama ne tun guguwar mainin ta 2024, lokacin Notcoin da Hamster Kombat, wasannin nan na Telegram da ake dannawa don tara kirifto, da mutane suka saba da shiga kowane bot suna danna duk abin da aka ce su danna. Waɗancan ba su taɓa neman lambar shiga ba, amma sun sa hannun mutane ya yi saurin dannawa, 'yan damfara kuma suka bi sawu. In kana da walat, wato manhajar ajiye kirifto, irin su Tonkeeper, kalmomin nan 24 da aka ba ka ranar da ka buɗe su ne kuɗin, in har ka taɓa ajiye su a cikin Telegram ɗin da aka shiga, ka buɗe sabon walat yau ka kwashe abin da ya rage.

Tambaya: Slm Malam. Ni admin ne a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, mun sa bot mai korar masu talla, wani ya ce yana karanta duk hirarmu. Haka ne? Kuma wannan Meta AI na WhatsApp fa? — Admin, daga Jos

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. In kun ba shi matsayin admin, eh, duk saƙon da aka tura yana isa gare shi, kuma dole ne ma, in bai gani ba ta yaya zai gane talla? Wanda ba admin ba a ƙa'ida umarnin da aka ba shi da amsar da aka yi masa kawai yake gani, sai in mai shi ya kashe wannan takunkumin, kuma in ka duba jerin 'yan guruf Telegram yana rubutawa a ƙarƙashin sunan bot ko yana ganin saƙonni ko ba ya gani. Guruf ɗin gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure babu damuwa. Ranar da za ku tattara lambobin asusu ko ku tattauna rashin lafiyar wani, ku koma wani wajen da babu bot.

Meta AI kuma, wato bot ɗin kamfanin Meta mai amsa tambayoyi a cikin WhatsApp, wanda ya iso Najeriya a 2024, hirarku ta yau da kullum tana nan a kulle, amma abin da ka rubuta masa kai tsaye ko ka ambace shi a kai a guruf, wannan wajen Meta ya tafi.

Tambaya: Malam don Allah ƙawayena suna tura hotunansu wa wani bot yana gyarawa ya fito tas kamar na situdiyo, ni ma ina so amma gabana na faɗuwa. — Wata 'yar'uwa, daga Bauchi

Amsa: 'Yar'uwa ki bi wannan faɗuwar gaban, kar ki tura. Duk abin da na faɗa wa Hajiya a sama ya hau kan hoto, har ma ya fi, domin fasfo ana sake wani amma fuska ba a sakewa. A 2020 wani kamfanin bincike mai suna Sensity ya bankaɗo wani bot a Telegram da ake ba shi hoton mace da suturarta ya ƙirƙiro na tsiraici na ƙarya, kuma sun ƙirga mata sama da 100,000 da aka yi wa haka, yawancinsu ba su ma sani ba. Daga lokacin zuwa yau fasahar ƙaruwa ta yi. Ban ce bot ɗin ƙawayenki shi ke wannan ba, amma tarin hotunan 'yan mata masu kyau a hannun mutumin da ba a sani ba abu ne mai kasuwa, kuma kin san a garuruwanmu hoton ƙarya ɗaya ya isa ya rusa baiko kafin a tsaya bincike. Gyaran haske da kala wayarki ma tana yi ba tare da hoton ya fita ko'ina ba. Ki faɗa wa ƙawayen naki cikin hikima, ba da tsoratarwa ba, waɗanda suka riga suka tura su toshe shi su daina.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana yana Kumasi, muna maganar gadon gida ne yana so in tura masa takardun filin da na kotu ya nuna wa lauya, kuma akwai rigima a cikin dangi ba na so su shiga hannun kowa. Wace hanya ce ta fi? — Mai bibiyarku, daga Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan magabata ya daidaita tsakaninku. Kar bot ya shigo cikin wannan ko kaɗan, har da masu mayar da hoto PDF, wayarka ko Google Drive suna da wajen sikanin takarda.

Ka haɗa takardun wuri ɗaya ka kulle su da kalmar sirri tun suna wayarka. A Android akwai ZArchiver ko RAR, a kwamfuta akwai 7-Zip, duk kyauta ne, ka zaɓi fayil ɗin ka ce a dunƙule, ka zaɓi nau'in 7z ko zip mai kullewar AES-256, ka sa kalma. Kalmar ita ce komai, kar ka sa sunan mahaifinku ko shekarar haihuwa ko lambar waya, tunda waɗanda kake gudu 'yan gida ne sun fi kowa sanin waɗannan. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ka sa lamba a tsakani. Sai ka tura dunƙulen ta WhatsApp na asali a matsayin fayil, yana ɗaukar har giga 2, kalmar kuma kar ka rubuta ta a hirar, ka kira shi ka faɗa masa da baki ya rubuta a takarda. Ta haka ko wani ya ɗauki wayarsa ko taka ya ga fayil ɗin ba zai buɗu ba.

A irin wannan rigimar hatsarin ya fi yawa a cikin gida, ba a intanet ba. Ka duba Linked Devices a WhatsApp ɗinka ka tabbata babu wata kwamfuta ko waya da aka jona ba da saninka ba, shi ma Yaya ya duba nasa. Hotunan da ka ɗauka na takardun ka goge su daga ma'ajiyar hotuna bayan ka kulle, ka leƙa kwandon shara na wayar ka goge na can ma don yakan riƙe su kusan wata guda, kuma in Google Photos na kwashe maka hotuna kai tsaye ka duba can. Ka roƙi Yaya in ya buɗe ya nuna wa lauya kar ya tura buɗaɗɗen ga kowa, in lauyan na son kwafi a ba shi dunƙulen a kulle, a faɗa masa kalmar da baki. Takardun asali kuma su zauna inda suke, kar ka ba kowa su da sunan zai je ya yi maka sikanin a shago.